Jagora ga Mai Shirin Halartar Taron Bitar Takobi da Sanda na Japan

Mutumin da ya biya kuɗin rajista, ya sayi tikiti, ya saɓa jakar makamansa na itace ya nufi taron bita na kwana biyu ko uku inda wani babban malami daga Japan zai koyar da takobi da sanda, yakan tafi da buri mai yawa a ransa. Yana sa ran zai dawo da sababbin dabaru waɗanda abokan horonsa na gida ba su taɓa gani ba. Abin da yakan tarar kuwa shi ne an cinye safiya guda ana gyara masa tsayuwa, da riƙon ƙota, da inda zai ajiye idanunsa, har ya fara tunanin ko ya yi asarar kuɗinsa. Bai yi asara ba, burin ne bai daidaita da abin da irin wannan taro yake bayarwa ba. Taron bita ba ya koya wa kowa fanni cikin kwana uku; abin da yake bayarwa shi ne gyara biyu ko uku daga idon da ya shekara arba'in ko hamsin yana kallon kurakuran ɗalibai, kuma wannan gyara ne mutum zai koma gida ya yi watanni yana aiki a kansa. Matakan da ke tafe an jera su ne domin mai halarta ya samu wannan gyara, ya fahimce shi, ya kuma kai shi gida bai zubar da shi a hanya ba.

Mataki na farko: ka san fannin da za a koyar

Kalmar takobi da sanda tana rufe fannoni da dama waɗanda ba su da alaƙa ta kusa da juna, kuma rashin bambance su ne yake sa mutum ya je taro da makamin da ba a buƙata ko da shirin da bai dace ba.

Akwai iaido, wato fasahar zare takobi daga kube a yi sara cikin motsi guda, sannan a mayar da shi. Ana yin sa ne mutum shi kaɗai, yana fuskantar abokan gaba na zuci. Akwai jodo, wanda ake yi mutum biyu, ɗaya riƙe da gajeriyar sanda, ɗaya da takobin itace. Asalinsa makarantar Shinto Muso-ryu ce, wadda ake danganta kafuwarta ga Muso Gonnosuke a farkon ƙarni na 17, ta kuma daɗe a hannun mayaƙan gidan sarautar Kuroda a yankin Fukuoka kafin Shimizu Takaji, wanda ya rasu a 1978, ya yaɗa ta a Tokiyo har ya koyar da 'yan sanda. Hukumar Kendo ta Ƙasar Japan (kendo shi ne wasan takobin gora na Japanawa), wadda aka kafa a 1952, ita ce ta tsara wa waɗannan fannoni biyu manhaja ta bai ɗaya da ake kira seitei: ta jodo a 1968, mai tushen motsi 12 da tsararrun darussa 12, ta iaido kuma a 1969 da darussa bakwai, aka ƙara uku a 1980, aka sake ƙara biyu a 2000, suka cika 12. Irin wannan tsararren darasi, wanda aka ƙayyade kowane taku da kowane sara a cikinsa, shi ake kira kata, kuma kalmar za ta yi ta dawowa a wannan jagora kamar yadda za ta yi ta dawowa a bakin malamai.

Sai kuma takobi da sandar aikido, wata fasahar kare kai ta Japan, musamman tsarin da Saito Morihiro ya tattara a garin Iwama daga koyarwar Ueshiba Morihei, wanda ya kafa aikido, inda ake da atisayen sara bakwai na takobi, da ashirin na sanda, da doguwar kata mai ƙirga 31. Daga ƙarshe akwai tsofaffin makarantu da ake kira koryu, irin su Katori Shinto-ryu da ta faro a ƙarni na 15, wadda bisa al'ada sai ɗalibi ya yi rantsuwa ya sa hannu da ɗigon jininsa kafin a karɓe shi. Taron irin wannan makaranta yakan kasance na 'yan gida ne, kuma idan aka buɗe shi ga baƙi, abin da za a nuna musu bakin ƙofa ne kawai. Ka karanta sanarwar taron da kyau, ka gane wanne ne daga cikin waɗannan, domin sandar aikido da sandar jodo suna kama da juna a ido amma riƙonsu da takunsu sun sha bamban.

Mataki na biyu: ka rubuta wa masu shirya taron tun da wuri

Matambayi ba ya ɓata. Makonni kafin ranar taro, ka aika wa masu shiryawa saƙo ka gaya musu tsawon lokacin da ka yi kana horo, da sunan tsarin da kake bi, da matakin da ka kai, sannan ka tambaye su ko akwai rukunin masu koyo na farko, da makaman da za a zo da su, da ko za a yi jarrabawar ƙarin girma. Ka kuma nemi izinin malaminka na gida, domin a al'adar waɗannan fannoni ɗalibi yana ɗauke da sunan malaminsa duk inda ya je, kuma tambayar farko da za a yi maka ita ce wa ya koyar da kai.

Akwai batu guda da ya shafi Musulmi kai tsaye, wanda ya fi kyau a warware shi a rubuce kafin a shiga zaure. Ana buɗe horo ana rufe shi da gaisuwa ta rusunawa: ga gaban zaure, ga malami, ga abokin horo, a iaido kuma har ga takobin kansa. Wata gaisuwar a tsaye ake yin ta da ɗan sunkuyar da kai, wata kuma a durƙushe, a kafa tafin hannu biyu a ƙasa a sunkuyar da kai har ya kusanci daɓe, siffar da duk mai sallah zai ga ta yi kama da sujada. A wasu zaurukan akwai ɗan ƙaramin wurin bauta na addinin Shinto a maƙale a bango, a wasu kuwa tuta ce kawai ko bango tsirara, musamman idan an yi hayar zauren wasanni na gari. Japanawa da yawa suna ɗaukar wannan gaisuwa a matsayin ladabi kawai, amma hukuncinta a wurinka abu ne da za ka tambayi malamin addininka, ka tsayar da matsaya, sannan ka sanar da masu taron cikin girmamawa. Wasu suna amincewa mutum ya zauna a natse ko ya ɗan sunkuyar da kai kaɗan, wasu ba sa amincewa, musamman a jarrabawa inda ladubban gaisuwa suna cikin abin da alƙalai ke dubawa. Sanin haka tun kana gida ya fi ka tsinci kanka a sahu, mutum ɗari sun sunkuya kai kaɗai kana zaune, ba wanda ya san dalilinka. A cikin saƙon nan ka tambayi lokutan hutu da wurin da za ka iya yin sallar azahar da la'asar.

Mataki na uku: kayan aiki

Sandar jodo, wadda ake kira jo, tsawonta sentimita 128 ne, kaurinta sentimita 2.4, kuma ana sassaƙa ta daga farin itacen oak na Japan saboda tauri da rashin saurin tsagewa. Takobin itace, wato bokuto, tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, kuma don jodo dole ne a sa masa faifan da ke kare hannu. Ka shafa tafin hannunka a jikin kowannensu daga kai har gindi. Idan ka ji tsaga ko sartse, ka goge da takardar yashi, idan tsagar ta yi zurfi ka ajiye makamin ka sayi wani, domin itacen da ya karye a tsakiyar sara yana tashi sama ne ba tare da zaɓen inda zai sauka ba.

Mai zuwa iaido zai ɗauki iaito, takobin horo marar kaifi da aka zuba daga haɗin ƙarafa marasa nauyi. Takobi mai kaifi, shinken, na waɗanda suka yi nisa ne, kuma ba a shiga da shi taro sai da izini. A jikin ƙotar akwai wata 'yar ƙusar gora mai suna mekugi, ita kaɗai ce ke riƙe ruwan takobin a cikin ƙotarsa. Ka duba ta kafin ka bar gida, ka sake dubawa kowace safiya, domin idan ta sassauta ruwan takobin zai iya fita ya tafi cikin sahun da ke gabanka. A manyan taruka da jarrabawa akan duba makamai kafin a fara.

Tufafin su ne riga mai kauri, da ɗamara, da hakama, wato wando mai faɗi da naɗe-naɗe. Ka koyi ɗaura shi da ninke shi tun a gida. Ka ɗauki matashin gwiwa na soso da ake sawa ƙarƙashin wando, da filasta, da ƙaramin tawul, da gorar ruwa, da littafin rubutu da biro. Ka yanke farce, ka cire agogo da zobe. Idan jirgin sama za ka hau, makaman suna shiga cikin kayan da ake aunawa ne, kuma sai ka binciki dokar kwastam ta ƙasar da za ka. Ita Japan tana da doka mai tsauri tun 1958 a kan mallakar takubba, kuma kowane takobi mai kaifi sai da takardar rajistarsa. Baƙo ya fi samun sauƙi idan ya tafi da na itace, ko ya roƙi aro a can.

Mataki na huɗu: ka shirya jikinka da ƙwaƙwalwarka

Ɗalibin da ya saba horon awa ɗaya da rabi sau biyu a mako zai tarar da awa biyar ko shida a rana, ba takalmi, a kan daɓen katako. Abin da yake fara gajiya ba dantse ba ne, gwiwa ce da idon sawu da tafin ƙafa. Darussa huɗu na farko a manhajar iaido daga zaune ake fara su, uku daga zaman seiza, wato zama a kan dunduniya da gwiwoyi a ƙasa. Wanda ya saba zaman tahiyya yana da ɗan sauƙi a nan, sai dai tashi daga wannan zama da nauyin jiki a kan yatsun ƙafa, ana zare takobi a lokaci guda, sau talatin ko arba'in a jere, wani aiki ne dabam. Wata guda kafin taron ka ƙara yawan horonka sannu a hankali domin tafin hannu da na ƙafa su yi kanta, kada su yi bororo a ranar farko. Mai ciwon gwiwa ya faɗa tun farko, akwai hanyar yin darussan a tsaye.

Shirin ƙwaƙwalwa ya fi wannan muhimmanci. Ka haddace sunaye da jerin darussan matakinka kafin ka tafi. Idan jodo ne, ka san jerin tushen motsi daga honte uchi da gyakute uchi da hikiotoshi uchi har zuwa na 12, ka kuma san aƙalla darussa uku na farko, Tsukizue da Suigetsu da Hissage, ta ɓangaren sanda da ta ɓangaren takobi. Idan iaido ne, ka san Mae da Ushiro da Ukenagashi da abin da ke biye da su. Dalilin shi ne malami ba zai iya gyara abin da babu shi ba. Ɗalibin da har yanzu yake tunanin wace ƙafa ce za ta fara gaba, duk hankalinsa yana kan tuna jeri, kuma duk abin da malamin ya faɗa game da lokaci da tazara zai wuce ta saman kansa. Haka nan ka riƙe 'yan kalmomin da ake tafiyar da horo da su: hajime a fara, yame a tsaya, hai na ji, onegai shimasu da ake faɗa wa abokin horo kafin a soma, arigato gozaimashita bayan an gama. Daga cikinsu yame ce ba a wasa da ita. Da ka ji ta ka tsaya cak a inda kake, ko da sandarka tana sama.

Mataki na biyar: shiga zaure

Ka iso da wuri, ka cire takalmi a bakin ƙofa ka jera shi, ka ajiye makamanka a gefen bango inda sauran suka ajiye. Ba a tsallake makami, naka ko na wani, ba a dogara da shi kamar sandar tsoho, ba a taɓa takobin mutum sai da izininsa. Ana jeruwa bisa girman mataki, don haka baƙon da bai san wurinsa ba ya nufi ƙarshen sahu, za a matso da shi idan ya cancanta. Bahaushen da ya taso yana ganin yadda ake zama a gaban malamin zaure ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba: ba a katse malami, ba a miƙe ƙafa a gabansa, kuma wanda ya riga ka shiga karatu yana da haƙƙi a kanka ko da ka girme shi.

Mataki na shida: safiyar farko, da dalilin da ya sa ake daɗewa a kan tushe

A nan ne buri yake karo da gaskiya, kuma a nan ne na fi son mai karatu ya tsaya. Malami mai daraja ta bakwai ko ta takwas a matakan ƙwarewa na fannin zai tsaya a gaban zaure ya sa kowa, har da masu shekara ashirin a fannin, su yi ta maimaita sara guda daga sama zuwa ƙasa. Zai zagaya, ya ɗaga gwiwar hannun wannan, ya dafa ƙugun wancan, ya wuce wani bai ce masa komai ba. Mai sabon zuwa yakan ɗauka share fage ake yi kafin a shiga ainihin darasi, alhali ainihin darasin ke nan.

Ga abubuwan da idonsa yake nema. Na farko riƙo, wanda suke kira tenouchi: ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne ke damƙe ƙota, manuniya da babban yatsa suna sake, kuma hannun hagu ne ke jan takobi yayin da na dama yake saita shi. Yawancinmu mun zo da riƙon gatari ko na adda, muna damƙewa da dukan yatsu muna tura ƙarfi daga kafaɗar dama, shi ya sa saranmu yake tsayawa da rawa. Na biyu hasuji, wato kaifin takobi ya bi layin da saran yake bi ba tare da karkata ba. Takobin Japan bakinsa mai kaifi ɗaya ne kuma yana da ɗan lanƙwasa, saɓanin takobinmu na gargajiya miƙaƙƙe mai baki biyu, don haka karkatar da ba ta kai faɗin farce ba tana mayar da sara ya zama duka. Takobin horo mai kwarmi a jikinsa yana yin wani siririn fito idan kaifin ya tafi daidai, kuma kunne yakan gane kuskure kafin ido. Na uku shi ne ƙarfin ya taso daga ƙugu da ƙafafu, jiki ya tafi gaba ɗaya, kada hannu ya riga ƙafa ko ƙafa ta riga hannu. Na huɗu metsuke, inda ido yake kallo. Na biyar zanshin, wato hankalin da ba ya sauka bayan an gama sara, har sai an koma wurin farawa.

A iaido kowace kata tana da gaɓoɓi huɗu: zarewa tare da saran farko, saran gamawa, kaɗe jini daga ruwan takobi, da mayar da shi kube. Kada ka yi mamaki idan aka shafe awa guda a kan zarewa kaɗai, ana nuna maka cewa hannun hagu ne ke janye kube baya domin tsinin ya fita, ba hannun dama ke fizgo takobin ba. A jodo kuma darasin farko shi ne sanda ba ta da kai ba ta da gindi, kowane ƙarshenta makami ne, kuma tana zamewa cikin tafin hannu tana sauya tsawo, wanda shi ne dalilin da ya sa sandar da ba ta da kaifi take iya fuskantar takobi. Ana raka duka da kururuwar ei, suka kuma da ho, kuma malami yana jin ingancin numfashinka daga wannan sauti.

Idan a ƙarshen ranar an gaya maka abu ɗaya tak, misali kafaɗarka tana tashi duk lokacin da ka ɗaga takobi, to ka samu abin da ka zo nema. Wannan kuskure yana cikin kowane sara da ka yi tun ranar da ka fara, yana cikin duk darussa 12, kuma gyara shi ya fi ƙarin darasi na 13 amfani nesa ba kusa ba.

Mataki na bakwai: horo da abokin da ba ka sani ba

A jodo da aikido da tsofaffin makarantun takobi za a yi ta sauya maka aboki, kuma wannan yana daga cikin manyan ribar taro, domin a gida ka saba da tsawon hannu da saurin mutum biyar ko shida. A jodo, mai riƙe da takobi, uchidachi, bisa al'ada shi ne babba, shi ke jagorantar lokaci da tazara, kuma shi ne ake kayarwa a ƙarshen darasi domin ƙaramin ya koya. Idan aka ba ka wannan matsayi, ka kai sara na gaskiya zuwa inda ya kamata ya sauka, da saurin da abokinka zai iya ɗauka. Saran da aka karkatar don tausayi yana koya wa mutum kauce wa abin da da ma ba zai same shi ba, wanda aka kai da ƙarfin nuna bajinta kuma yana fasa yatsu. Da sabon aboki ka fara a hankali, ku gwada tazarar da ke tsakaninku, wadda ake kira maai, sannan ku ƙara sauri idan kun fahimci juna. Kada ka koyar da abokinka sai an sa ka, ko da ka ga kuskurensa ƙarara. Malamai suna wurin, kuma surutu tsakanin ɗalibai yana cinye lokacin maimaitawa. Kafin ka ɗaga sanda ka waiga baya, saboda a zauren da ya cika mutanen da ke bayanka sun fi wanda ke gabanka shiga haɗari.

Mataki na takwas: karɓar gyara da koyo ta hanyar kallo

Idan malami ya tsaya a kanka, ka ce hai, ka gwada abin da ya ce nan take, ka yi godiya. Kada ka kawo hujja, kada ka ce a gida ba haka aka koya maka ba. Malamin Japan yakan yi magana kaɗan, wani lokaci ta bakin tafinta wanda shi ma ɗalibi ne, don haka rabin bayanin yana cikin jikinsa. Lokacin da yake nunawa, ido yakan bi tsinin takobi domin shi ne yake walƙiya, amma amsar tana ƙasa: ka kalli ƙafafunsa a nuni na farko, ƙugunsa a na biyu, hannayensa a na uku. Suna da suna ga wannan, mitori geiko, horo ta hanyar kallo, kuma ana lissafa shi cikin horo na gaske. Wanda ya ji rauni ko ya gaji ya zauna a gefe ya ci gaba da shi. Gyaran da aka yi wa na kusa da kai ka ɗauka naka ne, domin sau da yawa malami yana zaɓen mutum ɗaya ne ya nuna kuskuren rabin zaure.

Za ka gamu da saɓani. Wani malami zai ce a ɗaga tsini kaɗan, wani ya ce a sauke, kuma duka biyun manya ne. A cikin zaure ka yi yadda wanda ke gabanka ya ce, ka rubuta bambancin, ka kai wa malaminka na gida ya warware maka. Sau da yawa za ka tarar kowannensu yana gyara wani kuskure ne dabam da ya gani a jikinka a lokacin. Ɗaukar bidiyo kuma sai da izini, tsofaffin makarantu da yawa ba sa yarda da shi sam.

Mataki na tara: rubutu da jarrabawa

A kowane hutu, kafin ka shiga hira, ka rubuta abin da aka gaya maka da kalmominka, tare da sunan darasin da gaɓar da gyaran ya shafa. Da dare ka sake dubawa ka ja layi ƙarƙashin uku mafi nauyi. Abin da ba a rubuta a ranar ba yakan gauraye da na gobe.

Idan akwai jarrabawa a ranar ƙarshe, ka tuna cewa tsarin Hukumar Kendo ya sa wa'adi tsakanin darajoji: shekara ɗaya bayan daraja ta farko kafin a nemi ta biyu, shekara biyu kafin ta uku, uku kafin ta huɗu, a haka har zuwa shekara goma tsakanin ta bakwai da ta takwas. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna ma'aunin da ake auna ci gaba da shi a fannin. A jarrabawar iaido akan nuna darussa biyar cikin minti shida, har da gaisuwar buɗewa da ta rufewa. Shawarata ita ce kada ka yi ƙoƙarin cusa duk sababbin gyare-gyaren da ka ji jiya cikin jarrabawar yau, domin jikin bai karɓe su ba tukuna. Ka ɗauki wanda malamai suka nanata wa kowa, saura ka bar su sai ka koma gida.

Mataki na goma: bayan an dawo

Kafin ka bar zauren ka taya share daɓe da kwashe kaya, ka je ka gode wa malamai da masu shiryawa, ka karɓi adireshin ɗalibi ɗaya ko biyu da suka fi ka nisa waɗanda za ka iya tambaya daga baya. A horonka na farko a gida ka miƙa wa malaminka littafin rubutun, ka nuna masa gyaran da aka yi maka a aikace, ka bar shi ya yanke abin da za a shigar cikin darasin kowa da abin da ya shafe ka kai kaɗai. Daga nan ka ɗauki gyara guda, ka ware masa minti goma a farkon kowane horo, a hankali, gaban madubi ko kyamarar waya idan akwai. Makonnin farko saranka zai lalace fiye da yadda yake kafin ka tafi, saboda tsohuwar al'ada ta tashi sabuwar ba ta zauna ba, kuma a wannan gaɓa ce mutane da yawa suke komawa ga abin da suka saba. Ka ba shi wata biyu ko uku, ka roƙi malaminka ya duba ko kafaɗar ta daina tashi ba tare da ka tuna da ita ba, sannan ka buɗe littafin ka ɗauki gyara na biyu.